Akwatin Masu Karatu: Littafin Fashin Banki, Ina Gaskiya Ta Tsaya, Ina Ƙari Ya Fara?

Wasiƙun wannan wata sun taru a kan littattafan da ake ginawa bisa fashin banki da ya auku da gaske. Wasu littattafan na takarda ne da ke shigowa daga Kano, wasu kuma na salula ne da ake turowa shafi-shafi a WhatsApp. Mun zaɓi wasiƙu biyar, mun taƙaita wasu saboda fili.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na karanta wani littafi da aka rubuta a bangonsa cewa an gina shi a kan abin da ya faru da gaske. Na gama shi ban san wane ɓangare zan gaskata ba. Ɗalibaina sun tambaye ni, na rasa abin da zan ce musu. Ta yaya ake rarrabewa?
Malamin makaranta, Birni, Damagaram

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Wannan magana ta bangon littafi ba ta ɗaure marubuci da komai ba. Ko sunan gari kaɗai ya ɗauka daga ainihin abin da ya faru, yana iya rubuta ta. Saboda haka aikin tantancewa yana wuyan mai karatu, kuma ana yin sa da takarda da biro.

Ka raba takardarka gida uku. A gida na farko ka riƙa rubuta duk abin da wani na waje zai iya tabbatarwa: ranar fashin, garin, bankin, adadin waɗanda suka mutu ko suka ji rauni, ranar da aka yi kamu, hukuncin da kotu ta yanke. A gida na biyu ka sa abin da sai wanda yake wurin zai sani, kamar hirar da aka yi cikin mota, ko yadda aka yi rabo, ko wanda ya fara kawo shawarar. A gida na uku ka sa abin da babu mahalukin da zai sani: tunanin da ke zuciyar mai gadi kafin harsashi ya same shi, mafarkin shugaban ɓarayi, maganar da mutum ya yi shi kaɗai a ɗaki. Gida na uku duka ƙirƙira ce, kuma ba laifi ba ne, sana'ar marubuci ke nan. Gida na farko kuwa sai ka bi shi da bincike. Hukuncin kotu shi ne mafi ƙarfi, sai rahotannin ƴan jarida na lokacin shari'a. Rahoton ranar farko shi ne mafi rauni, musamman a kan adadin kuɗi, domin a ranar banki ma bai gama lissafi ba.

Gida na biyu ne mai haɗari, don yana kama da gaskiya alhali tushensa bakin ɓarawo ne. Wanda ake tuhuma yana rage rawar da ya taka idan yana gaban alƙali, ya kumbura ta idan yana gaban ɗan jarida ko mai buga littafi. Abin da ya faru a birnin Nis na Faransa ya nuna haka a fili. A watan Yuli na 1976 wasu mutane suka bi magudanar ruwan datti ta ƙarƙashin gari, suka haƙa rami mai tsawon kimanin mita 8 zuwa ɗakin ajiya na bankin Société Générale. Suka kwana ciki a hutun ƙarshen mako, suka fasa akwatunan ajiya sama da 300. Ba a gano ba sai ranar Litinin. Aka kama wani mai ɗaukar hoto, Albert Spaggiari, a matsayin jagora. A watan Maris na 1977 ya dira ta tagar ofishin alƙali mai bincike, wani ya ɗauke shi a babur, ba a sake kama shi ba har ya mutu a 1989. Ya rubuta littafi yana ba da labarin yadda ya tsara komai. A 2010 sai ga wani littafin, na wani mutumin Marsai da ya ɓoye sunansa, yana cewa shi ne ainihin jagora. Ya saki jiki ne don wa'adin tuhuma a kan fashin ya riga ya wuce. Amma masu gabatar da ƙara suka bi ta wata hanya, suka tuhume shi da halasta kuɗin haram. Da aka gurfanar da shi a 2018, sai ya ce wa kotu littafin nasa ƙagaggen labari ne. Mutum ɗaya, littafi ɗaya, a kasuwa gaskiya ce, a kotu ƙirƙira ce. Ko adadin abin da aka kwashe a Nis kiyasi ne, domin ba kowane mai akwati ne ya so hukumar haraji ta san abin da ya ajiye ba.

Akwai dabaru uku da marubuta suka saba yi, ka koya wa ɗalibanka su gane su. Ana haɗa mutum uku ko huɗu a mayar da su mutum ɗaya, shi ya sa za ka ga ɗan sanda guda ya gano sawu, ya yi kamu, ya yi tambayoyi, har ya ba da shaida. Ana matse lokaci, binciken shekara biyu ya koma na mako biyu. Ana kuma saƙa soyayya a inda babu ita. Marubuci mai mutunta masu karatunsa yakan sa ɗan bayani a ƙarshe ya faɗi abin da ya sauya. Idan ka ga wannan shafin, ka fara karanta shi kafin babi na ɗaya.

Tambaya: A littafin da nake bi a salula, tauraron ya zuba sefa biliyan 2 a jakar goyo, ya hau kabu-kabu ya tsere. Mu da muke ƙirga kuɗi kullum abin bai kwanta mana ba. Yana yiwuwa?
Ɗan kasuwa, Kasuwar Dole

Amsa: Alhaji, hankalinka ya gaya maka gaskiya, ba ya yiwuwa. Takarda mafi girma a kuɗinmu ita ce ta jika goma, kuma nauyin takarda ɗaya kimanin giram 1 ne. Biliyan 2 takardu 200,000 ke nan, wato kilo 200 ko sama da haka, daidai da buhun siminti huɗu. Tsofaffin takardu sun fi nauyi kuma sun fi cin wuri, saboda dauɗa da laima da tanƙwarewa. Idan ƴan jika biyar ne, nauyin ya ninka. Bandir mai takarda 100 miliyan 1 ne, kaurinsa ya ɗan zarce santimita 1, ka ga ana maganar bandir 2,000. Jakar goyo irin ta ƴan makaranta, ko an danna ta, abin da za ta ci bai wuce bandir 200 zuwa 250 ba. Ashe tauraron zai buƙaci jaka takwas zuwa goma, da mota, da mutanen da za su yi dako. Duk mutum ɗaya da aka ƙara kuma baki ne da zai iya magana gobe.

A Fortaleza ta Barazil, cikin Agusta 2005, wasu sun kama hayar gida suka kafa allon kamfanin gyaran lambu, suka haƙa rami na kusan mita 80 zuwa taskar babban bankin ƙasar. Sun kwashe riyal ɗin Barazil miliyan 164 da ɗoriya a takardun 50, nauyinsu kimanin tan 3 da rabi. Fitar da kuɗin ta cikin ramin aiki ne na awanni da hannuwa masu yawa. Abin da ya fara tona su kuwa shi ne sayen motoci da yawa a lokaci ɗaya da tsabar takardun 50. Watanni biyu bayan haka aka sace ɗaya daga cikin waɗanda ake zargi, danginsa suka biya fansa, duk da haka gawarsa aka tsinta.

A nan ne muke auna marubucin da ya san abin da yake rubutawa. Ɗaukar kuɗin shi ne ƙaramin ɓangaren labari, kashe su ne babban. Sababbin takardu suna da lambobi a jere, banki yana da rajistarsu. Bankin da ya fitar da kuɗin kuma yana iya kashe takardar ɗungurungum. A Belfast, bayan an kwashe fam miliyan 26.5 daga Northern Bank a Disamba 2004, bankin ya janye takardunsa ya fito da wasu masu sabon launi cikin ƴan watanni. Mu ma mun ga irinsa da idonmu. An yi fashi a BCEAO, babban bankin da ke buga sefarmu, a Abijan a Agusta 2002, aka tafi da sefa biliyan 2 da ɗan ɗori. A Satumba 2003, lokacin yaƙin Kodebuwa, aka fasa reshen Buwake, daga baya na Man da na Korogo. Daga 15 ga Satumba zuwa 31 ga Disamba 2004 sai BCEAO ta janye takardun samfurin 1992 a dukan ƙasashe takwas da ke amfani da kuɗinsa, ciki har da Nijar. Bankin ya kafa hujja da sabunta takardu, amma jama'a da ƴan jarida sun danganta matakin da waɗancan fashe-fashen. Duk ɗan kasuwar Damagaram da ya kai shekaru zai tuna layin canjin kuɗi na wancan lokaci, da mutanen karkara da labari bai kai musu da wuri ba. Littafin da zai ɗauko fashin Buwake ya tsaya a daren da aka fasa taska, ya bar makiyayin Tanut da ya tono ajiyarsa bayan wa'adi ya wuce, to ya bar rabin labarin a ƙasa.

Tambaya: Ina jin kunyar faɗi, amma da nake karatun sai na ga ina yi wa ɗan fashin fatan tsira. Da aka kama shi har na ji ba daɗi. Wani abu ne ke damuna, ko littafin ne ba shi da kyau?
Ɗaliba, Jami'ar André Salifou

Amsa: Ƴar'uwa, babu abin da ke damunki. Marubuci ne ya zaunar da ke a inda yake so. Mai karatu yana bin wanda aka fi daɗewa ana nuna masa. Idan an ba ɗan fashi shafi 150, aka nuna miki mahaifiyarsa a gadon asibiti da bashin da ya yi masa katutu, aka ba mai gadi layi biyu ba ko suna, dole zuciyarki ta karkata. Ki koma littafin ki ƙirga: shafi nawa aka ba waɗanda suka riƙe bindiga, shafi nawa aka ba waɗanda aka nuna wa bindiga? Mutum nawa ne cikin waɗanda aka kashe ke da suna, da gida, da wanda ke jiran su da abincin rana? Amsar za ta nuna miki daga ina tausayin ya fito.

Mu a ra'ayinmu ba laifi ba ne littafi ya sa a fahimci yadda mutum ya faɗa fashi. Talauci da zaman banza da abokan banza da jami'in da ke ba da hayar bindiga duk abubuwa ne na gaske, kuma adabin da ya ƙi kallonsu bai yi aikinsa ba. Inda muke ja da baya shi ne littafin da ya share jini don tauraro ya yi kyau. Masu fashin Nis sun bar rubutu a bango cewa sun yi aikinsu ba makami, ba zalunci, ba ƙiyayya, kuma wannan kirari ne marubuta da yawa suka ɗauko suka liƙa wa fashin da ba shi da alaƙa da shi. A yankinmu fashin banki da bindiga ake yin sa. A garin Offa na jihar Kwara a Najeriya, ranar 5 ga Afrilu 2018, ofishin ƴan sanda aka fara kai wa hari kafin a shiga bankuna, kuma mutum 33 aka kashe, 9 daga ciki ƴan sanda ne. Sai a Satumba 2024 kotu a Ilori ta yanke wa mutum biyar hukuncin kisa. Shekara shida iyalai suna jiran shari'a. Lawrence Anini, wanda ya addabi birnin Benin na Najeriya a 1986, ana ba da labarin yana watsa wa ƴan kasuwa kuɗi, kuma wannan ne masu ba da labari suka fi riƙewa. Abin da shari'a ta fito da shi shi ne kashe-kashe, da babban ɗan sanda, George Iyamu, da ke taimaka wa gungun da makamai da bayanan sirri. An harbe Anini ranar 29 ga Maris 1987.

Ki kuma yi hattara da babin da ma'aikaciyar banki ke faɗawa son wanda ya yi garkuwa da ita. Tushen wannan salo fashin Kreditbanken ne a Stockholm ta Suwidin, inda aka tsare mutum huɗu daga 23 zuwa 28 ga Agusta 1973. Ɗaya daga cikin matan ta yi magana da firaminista Olof Palme ta waya, ta ce farmakin ƴan sanda ta fi tsoro. Daga nan wani likitan ƙwaƙwalwa da ke aiki da ƴan sandan ya laƙaba wa abin suna kamar wata cuta. Matar ta daɗe tana musanta wannan fassara, tana cewa neman tsira take yi. A cikin wannan ɗakin ajiya an rataya wa mutanen igiya a wuya don a hana ƴan sanda sakin hayaƙi. Marubucin da ya mayar da irin wannan hali soyayya ya zalunci wadda abin ya faru da ita.

Tambaya: Wani labari da ke yawo a WhatsApp ya sa sunan ƙanena da unguwarmu, ya ce shi ne ya ba ɓarayi sirrin wurin aikinsa. An taɓa yi masa tambayoyi aka sallame shi, ba a ko kai shi kotu ba. Yanzu har maganar aurensa ta tsaya. Me za mu yi?
Wata uwa, Garin Malam

Amsa: Hajiya, Allah ya ba ku haƙuri. Kafin ku yi wa kowa magana, ku ɗauki hoton kowane shafi da sunan ya fito, yadda za a ga kwanan wata da lambar wanda ya turo da sunan zauren, domin da zarar an ji kun motsa za a goge. Ku ajiye a salula biyu. Kada ku shiga zauren ku mayar da martani, hakan yana ƙara wa labarin masu karatu ne, zagin da za ku yi kuma yana iya zama hujja a kanku. Ku nemi duk takardar da ke nuna an sallame shi, da shaidar wurin aikinsa.

Daga nan ku tura wa marubucin saƙo ta hannun dattijo ko mai unguwa, da buƙatu bayyanannu: ya cire sunan da unguwar da duk alamar da za a gane shi da ita, ya kuma rubuta gyara a wurin da ya watsa labarin. Sauya harafi ɗaya a suna bai wadatar ba matuƙar mutanen gari suna gane wanda ake nufi. Idan ya ƙi, ku ga lauya ko ku kai ƙara wurin mai gabatar da ƙara a babbar kotun Damagaram. Dokar laifukan intanet ta 2019 ta haɗa da ɓata suna ta na'ura, kuma gyaran da aka yi mata a Yuni 2024 ya dawo da ɗauri na shekara 1 zuwa 3 tare da tara. Kada ku bari lokaci ya ja. Kiran abu ƙagaggen labari ba ya wanke wanda ya jingina laifi ga mutum mai rai da kowa ya sani.

Tambaya: A fadarmu mun fara karanta littafi ɗaya duk wata muna tattaunawa. Matsalar ita ce kowa sai ya ce "ya yi daɗi" ko "bai yi ba", hira ta mutu kafin shayi na biyu. Muna kuma son aika wa marubucin ra'ayinmu. Yaya za mu tsara?
Matasan wata fada, Zango

Amsa: Samari, madalla da wannan aiki. Ku raba aiki tun ranar da kuka zaɓi littafi. Mutum ɗaya ya bi lokaci, ya rubuta abin da ya faru a jere da rana da awa, don a ga ko lissafin ya haɗu. Wani ya bi kuɗin, daga kantar banki har inda suka ƙare: nawa aka ɗauka, nawa aka raba, nawa aka ƙwato, ina sauran. Wani ya bi masu bincike, ya duba ko da hujja suka kai ga kamu ko kuwa marubuci ne ya jefo musu sa'a don ya gaji. Na huɗu ya bi waɗanda aka cuta. A zaman, kowa ya zo da lambar shafi. Wanda bai gama karatu ba a gaya masa tun farko cewa za a tona ƙarshen labari.

Mai bin masu bincike zai fi kowa samun abin faɗi, domin littattafai da yawa suna sa labari a Nijar amma da tsarin shari'ar Najeriya. A nan, ƴan sanda ne ke da cikin gari, jandarma ke da karkara da manyan hanyoyi, don haka ɓarawon da ya fita Damagaram ya nufi Matamai ko Magarya ya sauya hannun masu bin sa. A laifuka na yau da kullum tsarewar farko awa 48 ce, ana iya sabunta ta sau ɗaya, sannan a kai mutum gaban mai gabatar da ƙara. Babban laifi irin fashi da makami yana bi ta hannun alƙali mai bincike, wanda ke sake jin kowa, ya haɗa waɗanda ake tuhuma fuska da fuska, kafin a je zaman shari'a. Wannan ofishi babu shi a tsarin Najeriya, kuma shi ne wurin da marubuci zai sami babi mafi zafi in ya sani. Littafin da ya ƙare da ɗaure ɗan fashi a jikin ganga a harbe shi a filin Damagaram ya aro hoton Legas ne na zamanin soja, irin harbin Ishola Oyenusi a bakin teku a 1971. Hukuncin kisa yana cikin dokar Nijar, amma rabon da a zartar da shi tun 1976.

Ku duba ƙarshen da kyau. Marubuta da yawa suna rufewa da "rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya", alhali a cikin labarin ba su nuna yadda ranar ta zo ba. A fashin gaske akwai dalili kullum: rabon da bai yi wa wani daɗi ba, sayayyar da ta fi ƙarfin mai ita, kiran waya, ko matar da aka yaudara, kamar yadda ya faru da gungun da ya fasa Banco Río a Ajantina a Janairu 2006, inda matar ɗaya daga cikinsu ta kai su ga hukuma. Idan littafinku bai shuka irin wannan dalili tun babukan farko ba, ku faɗa wa marubucin.

Wasiƙar kada ta wuce shafi ɗaya. Ku fara da wuri ɗaya takamaimai da ya yi kyau, da lambar shafinsa da dalilin da ya sa ya yi kyau. Sai kurakuran da za a iya gyarawa a bugu na gaba, biyu ko uku, kowanne da hujjarsa. Ku raba kuskuren gaskiya da bambancin ra'ayi: nauyin kuɗi da tsarin kotu kuskure ne, rashin son tauraro kuwa ra'ayinku ne, ku faɗe shi a haka. Ku rufe da tambaya ɗaya da kuke son ya amsa, misali daga ina ya samo hirar da ya sa a bakin wanda ya mutu, kuma ko ya nemi iyalinsa kafin ya buga. Ku tura masa shi kaɗai tukuna, ku ba shi mako biyu, sannan ku sa a zaure.